Sharhi kan glean_parser: manhajar da ke rubuta kod ɗin ma'aunai a lokacin gini

A wani kamfani da na taɓa yi wa aiki, mun shafe makonni muna neman dalilin da ya sa masu riƙe da iPhone suka daina yin bincike a cikin manhajarmu, alhali kuwa ba su daina ba. Abin da ya faru shi ne, wanda ya rubuta ɓangaren Android ya sa wa ma'aunin, wato alƙalumin da ke ƙirga yawan binciken, suna da jam'i, wanda ya rubuta na iOS kuma ya sa masa da tilo, allon da muke duba alƙaluma a kai kuwa ɗaya daga cikin sunayen kawai ya sani. Babu injin da ya yi ƙorafi, domin a wajen injin harhaɗa kod, mai juya abin da aka rubuta zuwa manhaja mai aiki, sunan ma'auni rubutu ne tsakanin alamomin zance, kuma kowane rubutu daidai ne. Laifin namu ne gaba ɗaya, amma tun daga lokacin na fara duba kayan aikin da ke karɓe wannan nauyi daga hannun ɗan Adam, kuma a cikinsu wanda na fi daɗewa ina jujjuyawa shi ne glean_parser na Mozilla.

Glean shi ne tsarin da Mozilla ke amfani da shi wajen tattara bayanan awo daga manhajojinta, wato alƙaluman da manhaja ke aikawa gida game da yadda take aiki da yadda ake amfani da ita. An fara shi ne domin manhajojin wayar hannu, musamman Firefox ta Android da aka sabunta a lokacin, daga baya aka kai shi Firefox ta kwamfuta a ƙarƙashin aikin da suka kira FOG, wato Firefox on Glean. Zuciyar tsarin da Rust aka rubuta ta, harsuna irin su Kotlin da Swift da Python kuma suna jingina da ita. Shi kuwa glean_parser ƙaramar manhaja ce da aka rubuta da Python, ana samunta kyauta a ƙarƙashin lasisin MPL 2.0, kuma aikinta ɗaya ne: ta karanta fayil ɗin da aka bayyana ma'aunai a cikinsa, metrics.yaml, tare da ɗan'uwansa pings.yaml mai bayyana ƙunshin saƙonnin da za a aika, ta tabbatar sun bi ƙa'ida, sannan ta fitar da kod a harshen da ake bukata, ko Kotlin, ko Swift, ko Rust, ko JavaScript da TypeScript. Tana yin hakan ne ta hanyar cika samfuran Jinja2, wato rubutun kod mai gurabe da ake cikewa, kuma a mafi yawan dandamali ana kiranta ne a tsakiyar ginin manhaja, wato aikin haɗa kod ya zama manhajar da za a girka, kafin injin harhaɗawa ya fara nasa aikin.

Domin a ga abin da ido, bari in kawo gwajin da na yi. Na buɗe rukuni mai suna bincike, a ƙarƙashinsa na sa ma'auni mai suna yawan_nema, na ce nau'insa counter ne, wato maƙirgi. Da na gina manhajar Android ɗin, sai ga wani abu mai suna Bincike ya bayyana a cikin kunshin GleanMetrics, kuma a jikinsa akwai yawanNema, wanda ke karɓar umarnin add. Rubuta Bincike.yawanNema.add() shi ne iyakar abin da mai shirya manhaja zai yi a wurin da ake binciken. Da na gwada ɓata sunan da gangan, na cire harafi ɗaya, ginin ya tsaya nan take, ya nuna mini layin da lambarsa. Da na yi ƙoƙarin cusa wa maƙirgin rubutu maimakon adadi, nan ma ya ƙi. Kuskuren da a da sai bayan makonni ake gano shi a allon alƙaluma, yanzu ba ya wuce teburin wanda ya yi shi. Sunayen kansu suna da ƙa'ida: ƙananan haruffan Ingilishi da lambobi da layin ƙasa kawai ake karɓa, don haka mai son sa wa ma'auninsa suna da ƙ ko ɗ sai ya haƙura, ko da yake a filin bayani yana da damar rubuta abin da ya ga dama.

Wannan fa'ida ta kama kuskuren suna kowane janareta na kod, wato manhaja mai fitar da kod, yana da ita, kuma da a nan abin ya tsaya da ban ɓata lokacin mai karatu ba. Inda glean_parser ya sha bamban shi ne irin tambayoyin da yake tilasta wa mutum ya amsa kafin ya ba shi ko layi ɗaya na kod. Ma'auni ba ya karɓuwa sai yana da nau'i, da bayanin abin da yake aunawa, da adireshin rahoton aikin da ya haifar da shi, da adireshin bitar da aka yi a kan halaccin tattara wannan bayani, da imel ɗin wanda za a tuntuɓa idan wani abu ya taso, da kuma lokacin da zai daina aiki. Idan ɗaya daga cikin shidan nan ya ɓace, fayil ɗin ya faɗi a matakin tantancewa, kuma babu kod ɗin da zai fito. A Mozilla akwai al'adar cewa duk sabon bayanin da za a tattara sai an yi masa bita, a karkasa shi gwargwadon hatsarinsa ga sirrin mai amfani, daga bayanan fasaha zalla har zuwa masu tsananin sirri. Abin da glean_parser ya yi shi ne ya ɗauko wannan al'ada daga takardar manufofi ya dasa ta a bakin ƙofar gini. Gaskiya ne cewa manhajar ba ta buɗe adireshin ta karanta ko bitar ta gaskiya ce, kuma mai son zamba zai iya liƙa kowane adireshi ya wuce. Sai dai yin hakan ya zama ƙarya ce rubutacciya, da sunan mai ita a tarihin rumbun kod, wadda abokin aikinsa zai gani a lokacin duba canji, kuma wannan ya fi ƙarfin mantuwa irin wadda kowa ke fakewa da ita.

Filin ƙarewar wa'adi, wanda suke kira expires, shi ne na fi so a cikin tsarin, kuma shi ne na fi jin tsoro. Ana iya ba shi kwanan wata, ko lambar babbar sigar manhaja, ko a rubuta never idan ana nufin ma'aunin ya dawwama. Duk wanda ya gaji tsohuwar manhaja ya san yadda ma'aunai ke taruwa: wani ya sa ɗaya domin gwajin da aka gama shekaru da suka wuce, ya bar aikin, ma'aunin kuma yana nan yana aika bayanan da babu mai karantawa, babu kuma mai ƙarfin halin cirewa. A nan, idan wa'adi ya cika, glean_parser yana ci gaba da fitar da kod ɗin ma'aunin, amma da alamar cewa a kashe yake. Ginin ba ya karyewa, layin da ke kiran add yana nan yana gudana, sai dai ba ya ajiye komai. Wannan shawara ce mai hikima, domin ba daidai ba ne ginin da ya yi aiki jiya ya rushe yau saboda kalanda ta juya. Amma tana da kaifi biyu. Na farko, ma'aunin yana mutuwa ne shiru, kuma idan babu mai lura da gargaɗin da ke fitowa a cikin dogon rubutun gini, sai an ga layin alƙaluma yana gangarowa ƙasa sannu a hankali, gwargwadon yadda mutane ke sabunta manhajarsu, har wani ya ɗauka cewa jama'a ne suka guji wannan ɓangare. A cikin Mozilla akwai wata hidima da ke bin fayilolin tana aika wa masu ma'auni imel kafin wa'adi ya cika. Wanda ke waje kuwa shi zai tanadi nasa mai tunatarwa. Na biyu, idan da kwanan wata aka ɗaure wa'adin, sakamakon gini ya dogara ke nan da ranar da aka yi shi, ta yadda kod ɗaya tak zai iya haifar da manhajoji biyu mabambanta idan an gina shi kafin ranar da bayanta. Ga masu damuwa da cewa kowane gini ya maimaitu daidai da daidai, wannan ba ƙaramin abu ba ne, kuma shawarata ita ce a ɗaure wa'adi da lambar siga duk inda hakan zai yiwu, tun da kayan aikin sun ba da wannan zaɓi.

Akwai kuma glinter, mai duba tsabtar fayil, wanda ke zuwa a cikin kunshin. Shi ba ƙa'idar tsari yake dubawa ba, ɗabi'a yake dubawa. Yana ƙorafi idan an cusa ma'aunin lokaci ko na girma a cikin suna alhali akwai filin da aka tanada domin hakan, yana ƙorafi idan duk ma'aunan rukuni sun fara da kalma ɗaya wadda ya kamata ta koma cikin sunan rukunin, yana ƙorafi idan sunan rukuni ya yi faɗi har bai ce komai ba, haka kuma idan an kai wa'adi nesa fiye da kima. Da farko na ɗauke shi mai yawan magana. Daga baya na lura cewa kusan kowane ƙorafinsa tabon wani ciwo ne da aka taɓa ji: ma'aunin da sunansa ke cewa daƙiƙa, sannan wani ya sauya shi zuwa kashi ɗaya cikin dubu na daƙiƙa ya bar sunan yadda yake, zai yi ta yaudarar masu nazari har ranar da za a cire shi. Idan mutum yana da hujja, filin no_lint yana ba shi damar rufe bakin wani ƙorafi a kan ma'auni guda, kuma hakan ma yana zama a rubuce inda kowa zai gani.

Abin da kayan aikin ba zai iya yi wa mutum ba shi ne fahimtar tsawon rayuwar ma'auni, kuma a nan ne na ga sababbin shiga suna yawan tuntuɓe. Zaɓi uku ne. Idan an ce ping, ana share ƙimar duk lokacin da aka aika saƙon da ke ɗauke da ita. Idan an ce application, tana zama har manhajar ta rufe ta sake tashi. Idan an ce user, tana nan muddin bayanan mai amfani suna kan na'urar. Wanda ya ajiye sunan injin binciken da mai amfani ya zaɓa, sau ɗaya a lokacin tashin manhaja, ya kuma bar tsawon rayuwar a kan ping wanda shi ne na asali, zai tarar da ƙimar a saƙon farko kawai, sauran su zo fanko. Fayil ɗin ya bi ƙa'ida, kod ya fito, gini ya wuce, amma bayanan ba su da amfani. Magani shi ne gwaji, kuma kod ɗin da ake fitarwa ya zo da hanyar yin sa: kowane ma'auni yana da testGetValue, wanda ke dawo da abin da aka ajiye, da kuma hanyar ƙirga kurakuran da aka samu wajen ajiyewa. Wannan na biyun yana da muhimmanci saboda Glean ba ya rushe manhaja a kan kuskuren awo. Idan aka ba maƙirgi adadin da ke ƙasa da sifili, ba ya karɓa, yana rubuta cewa an yi kuskure, ya aika wannan labari tare da sauran bayanai. Haka ma ma'aunai masu laƙabi, waɗanda ke rarraba ƙima ƙarƙashin sunaye daban-daban: idan ba a jera laƙuban tun a fayil ba, guda 16 kawai ake riƙewa, duk abin da ya ƙaru ya faɗa cikin kwandon da ake kira __other__.

Ma'aunan aukuwa, waɗanda ke rubuta cewa wani abu ya faru a wani lokaci, su ne suka fi cin moriyar fitar da kod. Kowane ƙarin bayani da aka bayyana a ƙarƙashin extra_keys yana zama fili mai nau'i a cikin ajin da aka ƙera wa wannan aukuwa kaɗai, don haka ba a iya ƙirƙiro sabon maɓalli a tsakiyar kod ba tare da an koma fayil an bayyana shi ba. Masu shirya manhaja sukan ji wannan a matsayin takura, masu nazarin bayanai kuwa sun san albarkarsa.

Sai batun nauyin da abin ke ɗora wa gini. Manhajar Android da Kotlin ake rubuta ta, da kayan ginin da ake kira Gradle ake gina ta, amma da zarar an shigo da Glean sai ginin ya bukaci Python, domin ƙarin da ake liƙa wa Gradle yana shirya muhallin Python ya sauko da glean_parser kafin ya iya fitar da kod. A iOS ma haka ne, ta hanyar rubutun sdk_generator.sh da ake sa wa a cikin matakan ginin Xcode, kayan shirya manhaja na Apple. Ginin farko yana neman intanet, kuma duk injin da ke gini ba tare da intanet ba sai an tanadar masa kunshin Python ɗin tun da wuri. An rubuta yadda ake yin hakan, amma aiki ne da wani zai zauna ya yi, ya kuma riƙa sabuntawa, tun da kowace sigar Glean tana tafiya ne da sigar glean_parser da ta dace da ita. Akwai kuma ƙaramin abin haushi da duk mai amfani da kod ɗin da gini ke fitarwa ya sani: wanda ya sauko da rumbun kod karon farko zai ga editansa ya ja jan layi a ƙarƙashin kowane GleanMetrics, domin fayilolin ba su wanzu ba tukuna, sai ya yi gini sau ɗaya.

A kan wannan ne ra'ayoyi suka rabu a fagen gaba ɗaya, kuma yana da kyau a ajiye glean_parser kusa da takwaransa domin a ga bambancin. A aikin OpenTelemetry Collector, wata manhajar tattara bayanan awo da ba ta Mozilla ba, akwai mdatagen, wanda ke karanta metadata.yaml ya fitar da kod ɗin Go, amma a can ana gudanar da shi da hannu, a ajiye abin da ya fitar a cikin rumbun kod kamar kowane fayil. Ribar wannan hanya ita ce gini ba ya bukatar janareta, kuma mai duba canji yana ganin ainihin kod ɗin da zai gudana. Hasararta ita ce fayil ɗin bayani da kod suna iya raba hanya idan wani ya manta, shi ya sa sai an kafa wani mataki da zai sake fitarwa ya kwatanta. Hanyar Glean ta kawar da yiwuwar rabuwar tun daga tushe, ta biya da ƙarin kaya a kan gini. Ni dai na fi karkata ga ta Glean a manhajar da ke zuwa hannun jama'a a dandamali fiye da ɗaya, saboda a can fayil ɗaya ne ke ciyar da Kotlin da Swift a lokaci guda, kuma irin abin da ya same mu a wancan kamfani ba shi da ƙofar shiga. A laburaren da wasu za su ɗauka su gina da nasu kayan aiki kuwa, ajiye kod ɗin a rumbu ya fi sauƙi ga kowa.

Mozilla kanta ba ta riƙe hanyar a matsayin aƙida ba. A Python, ba a fitar da kod a lokacin gini ko kaɗan. Ana kiran load_metrics ne a lokacin da manhaja ke gudana, ta karanta fayil ɗin ta ƙera ma'aunan nan take, wanda ya dace da harshen da ba shi da matakin harhaɗawa, ko da yake hakan na nufin kuskuren suna ba ya bayyana sai an iso layin. A Firefox ta kwamfuta kuma, inda tun kafin Glean ake fitar da kod ɗin C++ daga fayiloli irin su Histograms.json da Scalars.yaml, akwai masu aiki a ɓangaren JavaScript da ba sa harhaɗa C++ da Rust da kansu, suna sauko da ginannen ɓangare ne kawai. Su sabon ma'auninsu ba zai taɓa shiga kod ɗin da aka riga aka harhaɗa ba, don haka aka ƙera musu JOG, wanda ke rajistar ma'aunai a lokacin gudana.

Tambayar da ta rage ita ce ko wanda ba ya cikin Mozilla zai amfana. Rabin darajar metrics.yaml tana bayan fage ne: daga fayil ɗin nan ake ƙera tsarin teburan BigQuery, ma'ajiyar bayanai ta Google, da bayanan ke sauka a ciki, daga shi kuma Glean Dictionary, shafin da ke jera ma'aunai, ke samun bayanin kowane ma'auni, ta yadda mai nazari zai nemi suna ya ga ma'anarsa da wa'adinsa da inda yake a tebur. Wannan bututu an gina shi ne domin kayayyakin Mozilla. Na waje zai iya nuna wa manhajarsa adireshin sabar tasa, zai kuma samu saƙonni a tsarin JSON masu tsabta, amma karɓarsu da adana su da baje su a tebur aikinsa ne. Filayen bita da na rahoton aiki ma sai ƙungiya tana da al'adar da za ta cika su da gaskiya, in ba haka ba su zama adireshi ɗaya da ake kwafa daga ma'auni zuwa ma'auni. Ga ƙaramar ƙungiya mai manhaja ɗaya da ma'aunai ƙalilan, ina ganin kayan sun fi ƙarfin tafiyar, kuma ɗan fayil na sunaye da aka rubuta da hannu zai wadatar. Ga wadda ke da Android da iOS da shafin intanet, da ma'aunan da babu mutum ɗaya da ya haddace su, ina ba da shawarar a gwada shi a reshe na daban na rumbun kod: a ɗauki ma'aunai biyar da ake da su yanzu, a yi ƙoƙarin cika musu filaye shidan nan, a ga nawa ne daga cikinsu za a iya faɗin wanda ke da su da ranar da ya kamata su daina aiki.